Layin Da Aka Ja a Jikin Motata

Masu karatu, ina yi muku sallama, kuma ina neman afuwa tun daga farko idan kun ji muryata ta yi kaushi a wannan karon. Na yi ƙoƙarin in huce kafin in zauna rubutu. Na sha ruwa, na goge kayan aikina na mako guda, na jera takalmana bisa tsayin dunduniya, amma abin bai sauka ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, bari in gabatar da kaina a taƙaice. Shekaruna ashirin da takwas. Ina aiki a sashen rajista na wani ofishi, inda nake karɓar takardu, in buga musu hatimi, in rubuta ranar da suka zo da lokacin, in ajiye su inda za a same su bayan shekara goma idan gardama ta tashi. A gida Baba yana kirana Akawu tun ina firamare, domin ni nake rubuta masa wasiƙunsa, kuma har gobe bai yarda cewa saƙon waya magana ce ta mutunci ba. Ina da mota guda, ƙarama, shuɗiya mai duhu, wadda na saya da albashina. Ina kuma da manema biyu: ɗaya nake so, ɗaya ake so mini.

Wanda nake so ma'aikacin awon filaye ne, kowa Safiyo yake kiransa. Babur gare shi, da riguna huɗu da na haddace, da ɗabi'ar yin shiru har sai an gama yi masa tambaya. Wanda ake so mini kuwa dilan motoci ne, Dila muke ce masa, abokin Yayana tun suna makaranta. A wurinsa na sayi motar bara, kuma tun daga ranar ya ɗauka cewa an haɗa masa da ni a cikin cinikin. Da ya miƙo mini makulli guda ɗaya, na tambayi na biyun, domin a ofishinmu ba ma karɓar fayil da shafi a ɓace. Ya yi dariya, ya ce na biyun ya ɓace tun a jirgin ruwa, ya ƙara da cewa mace irina makulli ɗaya ya ishe ta, tunda akwai wanda zai riƙa kai ta duk inda take so. Na rubuta "makulli ɗaya" a bayan rasit, na sa hannu, na sa shi ma ya sa.

Bayan wata takwas ana kai ruwa rana, Baba ya yarda manyan Safiyo su zo su gan shi ranar Lahadi. Yaya ya daina amsa gaisuwata. Umma kuwa sai ta riƙa ambaton alherin Dila a duk lokacin da ta ɗauki wani abu da ya kawo gidan, kuma abubuwan suna da yawa, tun daga fankar falo har zuwa tabarau ɗin da take karatu da shi.

Ranar Asabar, kwana takwas kafin zuwan baƙin, Safiyo ya zo bayan azahar da takarda a hannu, jerin sunayen waɗanda za su zo, domin shi mutum ne da ba ya son a jera kujeru a kan kintace. Ni ina ɗaki da ciwon kai. Umma ta ba ni magani, ta rufe mini taga, ta ja labule da hannunta, ta ce kada in fito sai la'asar. Na ji daɗin wannan kulawa, don rabon da Umma ta ja mini labule tun ina sakandare. Yaya ne ya tare Safiyo a bakin get. Abin da suka faɗa wa juna ban ji ba. Abin da Yaya ya ruwaito shi ne, Safiyo ya ɗaga murya, ya shuri get da ƙafa, ya tafi yana cewa za a gani. Ni dai shekara biyu na san mutumin, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko a kan direban da ya watsa masa ruwan kwata a farar riga.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na fito. Motar tana inda nake ajiye ta da rana, a gefen titi, jikin katangarmu, ƙarƙashin bishiya. Tun daga nesa na hango shi. Wani farin layi ne, ya taso daga fitilar baya, ya ratsa ƙofar baya, ya haye ƙofar direba, ya je ya tsaya a gindin madubi, kamar an ja alli a jikin allo. Na sa yatsa, na ji bakinsa yana cizo.

Ban yi kuka ba. Wannan motar ni na san safiyoyin da na tsaya a bakin titi kafin in same ta, ni na san rigunan da na gani a shago na kau da kai. Ba a taɓa wanke ta da omo ba. Wani mutum ya tsaya da rana tsaka, da lafiyarsa da hankalinsa, ya yi mata wannan aiki.

Yaya ya zo ya tsaya kusa da ni, hannuwa a baya, kamar shugaban makaranta a filin taro.

"Dubi yadda layin ya miƙe," in ji shi. "Wa kika sani da sana'ar jan layi?"

Wannan ita ce hujjar, masu karatu. A kanta aka gina shari'ar baki ɗaya. Da layin ya karkace, ina jin da an ce fushi ne ya girgiza masa hannu.

Baba ya fito da doguwar farar rigarsa ta zaman gida, ya sa tabarau, ya bi layin daga farko har ƙarshe ba tare da ya taɓa ba. Mahaifina mutum ne mai adalci, amma akwai abu guda da ba ya yafewa a wurin namiji, shi ne baƙar zuciya. Ya ce wanda ya yi wa ƙarfe haka don an tsayar da shi a bakin get, bai san abin da zai yi wa mutum ba ranar da abinci ya makara. Na ce ba shi ba ne. Ya tambaye ni ko na gani, na ce ina barci. Ya ce to shi ma bai gani ba, amma akwai wanda ya ji, kuma zai ba maganar kwana shida. Idan ranar Juma'a da safe babu abin da ya sauya, za a rubuta wa kawun Safiyo cewa su dakata. Bai faɗi wanda zai rubuta ba, don a gidanmu an san mai rubutu.

Ƙarfe huɗu da minti arba'in da ɗaya saƙon Dila ya shigo. Na duba lokacin, domin aikina ke nan.

"Gimbiyata, mummunan labari ya iso ni. Kada ki zubar da hawaye ko ɗigo ɗaya. Gobe ma'aikatana za su ɗauke ta su yi mata sabon fenti daga goshi har wutsiya, kafin magariba ba za ki gane wurin ba. In kuma ta fita ranki, ki zo ki nuna wata da yatsa."

Na Safiyo kuwa tun ƙarfe biyu da rabi yake zaune a wayar: "Na zo, an ce kina barci. Na bar takardar a hannun Yaya. Allah ya ƙara sauƙi." Na kira shi, na faɗa masa komai. Da na gama, ya tambaye ni ko na yarda. Na ce da na yarda ba zai ji muryata ba. Ya ce to ba zai zo ya kare kansa a bakin get ba, kada a sake ruwaito shi. Daga nan ya tambayi zurfin ƙwarzanen. Wani saurayin zai ce zuciyarsa ta karye. Nawa saurayin zurfi ya tambaya, kuma ban san dalilin da ya sa wannan ne ya kusa sa ni hawaye ba.

Ranar Lahadi Dila ya zo da kansa, cikin farar riga mai aiki a wuya, da agogon da ya fi ƙarfin hannunsa, da turaren da ya riga shi shiga falo. Ya zagaya motar sau biyu yana girgiza kai, yana cewa mutane ba su da tsoron Allah. Ya miƙo tafin hannu, wai in ba shi makulli. Umma tana tsaye a bakin ƙofar falo da mayafinta na zuwa unguwa, ta ce in ba shi a gyara a wuce wurin, maganar ta isa haka. Na yi godiya cikin ladabi, na ce zan kai ta da kaina. Yaya ya ce taurin kaina zai kai ni inda ba na zato. Na ce in sha Allahu a mota zan je.

Direban ofishinmu ne ya kwatanta mini wani mai fenti. Ranar Litinin na ɗauki izinin rabin yini na tafi. Wurin yana bayan layin masu faci, rumfa ce ta kwano, an kewaye ɓangare guda da labulen leda, an yayyafa wa ƙasa ruwa don kada ƙura ta tashi. Gwangwanaye jere a kan katako, kowanne da ɗigon launinsa a murfi. Mai wurin dattijo ne siriri, tabarau ɗinsa ɗaure da zare, faratansa kuwa kowanne da tarihin motar da ya taɓa.

Na fara ba shi labari, ya ɗaga hannu ya ce in bari tukuna, motar za ta faɗa masa. Ya wanke gefen da soso, ya watsa ruwa a kan layin, ya tsuguna yana kallo. Ya ce da ƙwarzanen sama ne, ruwa zai ɓoye shi na ɗan lokaci, a goge da mai a sallame ni yau. Wannan bai ɓuya ba. Ya ja farcensa a kai, farcen ya maƙale. Ya nuna mini hawa-hawa kamar mai koyar da karatu: ga man sheƙi na sama, ga shuɗin, ga farin fentin ƙasa, ga ƙarfe tsirara yana ƙyalli a can ciki.

"'Yata, wannan ba aikin mai wucewa ba ne," in ji shi. "Mai wucewa sau ɗaya yake ja, yana tafiya yana waige, layinsa ya yi ta rawa. Wannan sau uku ya bi wuri ɗaya. Mutumin nan ba ya sauri. Ko kujera aka ba shi zai zauna."

Na tambaye shi ko za a gama a yau, domin an yi mini alkawarin haka a wani wuri. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce lallai akwai masu gamawa a yini guda, kuma yana gode musu, don bayan damina ɗaya aikinsu wurinsa yake dawowa da tsatsa a ƙarƙashi. Shi kwana uku yake yi, na huɗu a zo a ɗauka.

Sai ya ce in buɗe masa ƙofar direba. Na ce ai ga launin nan a fili, shuɗi mai duhu. Ya ce shuɗi mai duhu ya fi arba'in a kan katakon can, kuma shekara talatin ke nan da ya daina yarda da idonsa. Akwai lambar launi a manne a bakin ƙofa, da ita yake haɗa fenti, ko da motar ɗansa ce. Na buɗe. Ya sunkuya zai karanta lambar, sai na ga ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge a riga, ya mayar.

"Zo ki gani."

A kaurin ƙofar, wato gefen nan da ke shigewa ya ɓuya idan an rufe, kusa da inda take kamawa, akwai ƙwarzane guda uku, gajeru, kusa da juna, daidai tsayin layin waje. Ya rufe ƙofar, suka ɓace, ko takarda ba za ta shiga wurin ba. Ya buɗe ta kamar faɗin tafin hannu, ya ɗauki ƙusa, ya bi layin a iska daga baya zuwa gaba ba tare da ya taɓa ba, sai ga bakin ƙusar ya zo ya ci karo da kaurin ƙofar daidai kan tabon.

"A buɗe take lokacin da aka yi," in ji shi.

Na ce ba zai yiwu ba. Ni na kulle ta, na ja hannun ƙofar sau biyu kamar yadda na saba, makullin kuma yana cikin jakata, jakar tana ƙarƙashin matashin da nake kwance a kai. Ya tambaye ni ko motar tana da jiniya. Na ce tana da ita, har ta yi yawa, kyanwa ma in ta hau sai unguwa ta sani. Ya tambaya ko ta yi kuka ranar.  Ba ta yi ba. Ko da taga a rufe, da ta yi, da na ji.

Ya bayyana mini a hankali. Irin wannan motar, in ka buɗe ta da makulli jiniyar takan kwanta, amma in ba ka buɗe ƙofa ba cikin rabin minti, sai ta sake kulle kanta, jiniyar ta farka. Wanda ya san haka, kuma yana da aikin da zai ɗauke shi fiye da rabin minti, dole ya bar ƙofa a ɗan buɗe.

"Makullinki nawa?"

"Ɗaya, Baba. Na biyun ya ɓace a jirgin ruwa."

"To," in ji shi, yana buɗe gwangwani, "ya iya iyo."

Na ɗauki hoton wurin ta fuska uku. Sannan na roƙe shi ya gyara waje duka, amma kada ya taɓa kaurin ƙofar. Ya ɓata rai sosai. Ya ce shi bai taɓa sallamar mota da rauni a jikinta ba, tsatsa za ta shiga, gobe a ce aikinsa ne. Na ce mu ma a wurinmu ba a gyara asalin takarda, ko da an zubar mata da shayi. A kan kwafi ake aiki. Muka yi ta ja, shi da sana'arsa, ni da tawa. A ƙarshe ya ce zai shafa wa wurin man sheƙi zalla, mara launi, ruwa ba zai shiga ba, ido kuma zai gani. Ya ce wannan ne karo na farko da aka sa shi ya adana ɓarna.

Ranar Talata da na biya bayan an tashi aiki, da ƙyar na gane motata. Siririn layin nan ya zama wani faffaɗan tabo mai ruwan toka, ya cinye rabin ƙofofin biyu. Ya bi shi da samfefa har ƙarfe, ya shafa maganin tsatsa, ya cike ramin da wani farin ƙulli, ya sake gogewa da ruwa har sai da tafin hannunsa ya daina jin gaɓa. An rufe gilasai da tsofaffin jaridu. Ya ce in aka tsaya a kan layin kaɗai, gyaran zai fi ɓarnar fitowa. Dole a faɗaɗa, sabon fenti ya narke cikin tsoho. Na lura yana so in ɗauki wannan a matsayin darasin rayuwa. Na ƙi. Ina da isassun masu yi mini wa'azi a gida.

A cikin kwanakin nan Dila ya turo saƙo goma sha ɗaya. Bakwai suna tambayar lafiyata, huɗu suna tambayar sunan garejin. Na amsa bakwai.

Ni kuwa lissafina ya tsaya a wuri guda ya ƙi gaba. Makulli na biyu daga hannun Dila ya fito, wannan ba ya buƙatar bincike. Amma Dila ba ya iya shiga layinmu a ɓoye. Tun daga kwana yake danna oda, turarensa kuma yakan kwana bayan ya tafi. Wanda ya yi aikin ya san Safiyo ya zo, ya san ya tafi, ya san ina barci, kuma in an gan shi tsaye a jikin motata ba wanda zai tambaye shi dalili. Akwai suna guda da ya dace da wannan gurbi, na yi kwana biyu ina ƙin rubuta shi ko a zuciyata. Shi ya koya mini tuƙi. Shi yake ɗauka ta a wuya ya kai ni makaranta ranar da aka yi ruwa.

Ranar Alhamis na karɓo motar. Na tsaya a rana, na tsaya a inuwa, na karkata kai, ban ga inda layin yake ba. Mai fenti ya ce kada a wanke ta mako guda, kada a bar ta a rana, in da hali ma ta huta kwana biyu.

Mashigar gidanmu doguwa ce siririya, motoci a jere suke kwana, na Yaya a ciki, tawa a baya. A wurin cin abincin yamma na sanar cewa mai fenti ya ce motar ta huta, don haka gobe motar ma'aikata zan bi, ƙarfe shida da rabi. Yaya, ba tare da ya dube ni ba, ya ce yana da ganawa ƙarfe takwas, in matsar da ita kafin in tafi. Na ce to. Wannan "to" da maganar motar ma'aikata su ne ƙaryar da na yi a cikin wannan labari, kuma na rubuta su a nan don kada a ce na ɓoye.

Ɗakin Baba yana sama, tagarsa tana kallon tsakar gida, da labule mai raga wanda na ciki ke ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki. Kowa a gidan ya san Baba yakan koma barci bayan asuba har ƙarfe takwas. Ni kaɗai na san ya ce in same shi ƙarfe bakwai da takarda da alƙalami. Na sa doguwar rigata mai ruwan toka ta zuwa aiki, na yafa mayafi, na kulle ɗakina, na hau bene da takalmi a hannu.

Na ajiye makullina a kan teburinsa, kusa da takardar. Na nuna masa hotunan, na faɗa masa maganar mai fenti ba ragi ba ƙari. Ya saurara har ƙarshe, ya daɗe yana kallon wayar.

"Makulli ɗaya ne, Akawu. Da hannunki kika rubuta a rasit. Mutum yakan manta bai kulle ba, musamman mai ciwon kai." Ya tura mini takardar. "Rubuta."

Na rubuta. Na sa rana da wata a kusurwar dama. Na rubuta gaisuwa da fatan alheri ga kawun mutumin da nake so, da mafi kyawun rubutun da Allah ya ba ni, kuma ban taɓa jan harafi a hankali kamar ranar ba. Baba yana faɗa, ina bi: bayan haka, bisa wasu dalilai da suka taso a cikin gida, muna roƙon ku da ku dakatar da...

Daga ƙasa muka ji tsaki. Wayata, wadda na kashe wa murya, ta yi haske a kan tebur da saƙon Yaya. "Ke wace irin mutum ce? Kin tafi kin tare ni." Ta sake haske. "Ɗauki waya." Baba ya karanta duka biyun, ya dube ni, ya dubi taga. Bai ci gaba da faɗar wasiƙar ba.

Yaya yana tsakar gida cikin kwat ɗinsa na ganawa, jaka a hannu, yana duba agogo. Ya je ya murɗa ƙofar ɗakina, ya dawo. Ya tsaya jim. Sai ya ajiye jakar a kan motarsa ya shige ciki, ba ta ɓangaren ɗakinsa ba. Bai yi minti biyu ba ya fito. Ya ɗaga kai ya dubi tagar Baba, ya ga labule a sake. Ya dubi get. Ya sa hannu a aljihu.

Motata ta ƙifta fitilu sau biyu, ta yi ɗan kukanta na gaisuwa.

Baba ya sauke ido kan makullin da ke kan teburinsa. Ya ɗauke shi, ya juya shi, ya ajiye. A ƙasa Yaya ya buɗe get, ya shiga motar, ya ja kujera baya daidai tsayinsa, ya fitar da ita cikin nutsuwa, ya ajiye ta a ƙarƙashin bishiya, a daidai wurin da ta tsaya ranar Asabar.

"Ajiye alƙalamin, Akawu."

Na ajiye. Ya ɗauki takardar, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun rigarsa.  Ya tambaye ni mutum nawa ne za su zo ranar Lahadi, don a san yawan kujeru. Na ce ban sani ba, jerin sunayen yana hannun Yaya tun ranar Asabar.

"To, abu biyu ke nan zan karɓa a hannunsa."

Ya tashi ya yaye labulen, ya tura tagar. Yaya yana shigowa daga get, makullin yana lilo a yatsarsa. Baba ya kira shi da cikakken sunansa, wanda rabon da in ji shi tun ranar da ya faɗi jarrabawa. Yaya ya ɗaga kai. Ya ga Baba, ya gan ni a bayansa da mayafina, ya dunƙule hannun, kamar dunƙulewar za ta mayar da abin jirgin ruwa.

"Daga ina ka ɗauko wannan?"

Yaya ya mayar da hannun bayansa. Ƙarar kwanukan da ake wankewa a kicin, wadda tun ɗazu muke ji, ta tsaya. Umma ta fito bakin ƙofa tana goge hannu da gefen zaninta, a hankali, yatsa bayan yatsa. Ba ta ɗaga kai ta dubi tagar ba.

"Malam, ka sauko mu yi magana a ciki," in ji ta. "Makullin a ɗakina yake ajiye. Ni na ba shi."

Sai a lokacin na tuna wanda ya ja mini labule ranar Asabar.